Ƙidayar Faɗa-wuta: Tarihin Yadda Aka Koyi Tarar Tsutsar Masara Tun Tana Hanya



Duk wanda ke neman abincinsa a Katako ko Farin Gada ya san cewa tun a gona ake yanke farashin buhu, wata uku ko huɗu kafin buhun ya iso hannunmu. Idan damina ta yi kyau a Mangu da Jengre da Saminaka, mu ma nan cikin gari sai mu ga sauƙi. Idan wani abu ya taɓa masara a can, kafin kaka mudu ya tashi, kuɗin ƙwai ya tashi, mai kiwon kaji ya fara sayar da kajinsa da asara. Cikin abubuwan da ke taɓa masara a 'yan shekarun nan, babu wanda manoma ke kuka da shi kamar tsutsar nan da ke shiga tsakiyar shuka tana ci.

Wannan tsutsa tana da uwa, kuma uwar tana da fukafukai. Ita ce irin ƙwaron nan mai kama da malam-buɗe-littafi wanda ke fitowa da dare yana kewaya fitila, wanda Bahaushe ya raɗa wa suna faɗa-wuta. Akwai mutanen da suka ƙarar da rayuwarsu wajen ƙirga wannan ƙwaro dare bayan dare, suna rubutawa a littafi. Tarihin wannan ƙidaya muke son kawowa, da dalilin da ya sa ya shafe mu.

Garin da ake ciyarwa daga waje

Tun kafuwar Jos, abincinta daga waje yake zuwa. Haƙar kuza ce ta tara jama'a a nan a farkon ƙarnin da ya wuce, kakanninmu suka zo daga Kano, Zariya, Katsina, Bauchi da Barno, wasu leburori, wasu fatake, wasu mahauta da maɗinka. Ƙaramin jirgin ƙasa daga Zariya ya iso wannan tudu a 1914, babban layin da ya biyo ta Kafanchan kuma ya iso a 1927. Jirgin yana fita da kuza, yana shigowa da hatsi. Cinikin hatsin nan yana daga cikin sana'o'in da suka kafa unguwanninmu.

Dattawa sun ga abin da ke faruwa idan wannan hanya ta sami tangarɗa. A 1942 Japan ta ƙwace Malaya mai arzikin kuza, sai Turawa suka juyo kan Filato da ƙarfinsu. Aka yi ta kwaso mutane daga lardunan Arewa ana kawo su aikin tilas har zuwa 1944. Bakuna suka ƙaru da dubbai, aka shiga karɓar hatsi daga ƙauyukan ƙasar Hausa don ciyar da su, alhali damina ba ta yi kyau ba. Yunwar wancan lokaci ita ce ake kira 'Yar Gusau.

A wancan zamani dawa da gero ne hatsin kasuwa. Mutanen tudu kuwa acha da tamba da dawa da rizga suke nomawa. Masara 'yar bayan gida ce, ta gashi da dafuwa. Daga tsakiyar shekarun 1970 ne al'amari ya juya, lokacin da aka buɗe manyan shirye-shiryen noma na Funtuwa, Gusau da Gombe da taimakon Bankin Duniya, takin zamani ya wadata da rahusa, ingantaccen iri ya fito daga Ibadan da Samaru. Cikin shekara ashirin masara ta zama sarauniyar hatsi daga Funtuwa har Mangu. A yau tuwonmu da kokonmu, da abincin kajin da Jos ta yi suna a kansu, da kamfanoni irin su Grand Cereals da NASCO, duk a kanta suka dogara. Shi ya sa ƙwaron da ya fi son masara ya zama maganar kowa.

Darasin da aka koya daga fara

Kafin a fara ƙirga faɗa-wuta, fara aka fara bi. Daga 1928 zuwa wajen 1941 an yi wata annobar fara da ta ratsa mafi yawan Afirka, ta mamaye Arewa a farkon shekarun 1930, har da nan Filato. Mutane suna kaɗa gwangwani, suna haƙa ramuka, suna tayar da hayaƙi, amma kowa sai ta sauka a gonarsa yake sanin ta zo.

Akwai wani masanin ƙwari ɗan asalin Rasha da ke aiki a Landan, Boris Uvarov. Shi ne ya nuna a 1921 cewa farar da ke zaune ɗai-ɗai a daji ba ta cutar da kowa, da wadda ke tashi ta rufe rana, jinsi ɗaya ne. Cunkoso ne ke canza mata launi da hali. Da annobar ta ɓarke, sai shi da abokan aikinsa suka nemi jami'an gundumomi a ƙasashe da dama su riƙa aiko da rahoto: ran kaza an ga fara a gari kaza, ta fito daga gabas ta nufi yamma. Suka riƙa ɗora rahotannin a kan taswira wata bayan wata, suna bin sawu da baya, har sawun ya kai su fadamun da kogin Kwara ke malalewa a cikin ƙasar Mali ta yau. Daga nan ta taso. Bayan haka aka ajiye masu gadi na dindindin a wurin, aikinsu su duba, su ƙirga, su kashe ta tun ba ta yi runduna ba.

Abin da aka koya ke nan: rahoton mutum ɗaya ba ya nuna komai, amma rahoton mutum ɗari, kowanne da rana da wuri, yana nuna hanya. A kan wannan tunani aka gina cibiyar AGRHYMET a Yamai a 1974, bayan babban farin da ya halaka dabbobi da amfanin gona a Sahel.

Tarkon fitila

Fara da rana take tafiya, kowa na ganinta. Faɗa-wuta kuwa da dare take tafiya, can sama, iska na ɗauke da ita. Manomi ya kwanta gonarsa lafiya lau, bayan mako biyu ya tarar da tsutsa ta cika ta, sai ya ce daga sama ta faɗo, ko ruwa ne ya zo da ita. Akwai ƙamshin gaskiya a maganarsa, kamar yadda za mu gani.

Rayuwar wannan halitta hawa huɗu ce. Uwa ta saka ƙwai a jikin ganye. Bayan kwana biyu zuwa biyar ya ƙyanƙyashe tsutsa. Tsutsa ta yi mako biyu ko uku tana ci, sannan ta sauka ta shige ƙasa ta kwanta cikin kwasfa. Bayan kwana goma ko makamancin haka ta fito da fukafukai. A hawa na biyu kaɗai take ɓarna, kuma mafi yawan ɓarnar a kwanakin ƙarshe take yin ta, bayan ta girma. To, kun ga wanda ya san daren da uwa ta sauka, ya riga tsutsa da kwana goma ko fiye.

Son fitila da ke gare ta shi ne ya ba da ita. A 1933 wani Bature mai suna C. B. Williams ya kafa tarkon fitila a gonar bincike ta Rothamsted a Ingila: fitila a sama, mazurari a ƙasa, kwalba a ƙarƙashi. Kullum da safe a juye a ƙirga a rubuta. Ya yi shekaru yana wannan, har ya nuna yadda yawan ƙwari ke hawa da sauka tare da zafi da ruwa da hasken wata. A 1964 wannan cibiya ta fara aikin ƙidayar ƙwari na ƙasa baki ɗaya, kuma har yau ba a daina ba.

A Afirka, Gabas ce ta riga kowa. Suna da wata tsutsa 'yar ƙasa, wadda mu ma takan leƙo mu wasu shekarun, baƙa mai ratsi, da ke fitowa da yawan da ya wuce misali, har a sami wajen dubu a faɗin mita ɗaya. Idan ta cinye gona sai ta jeru ta tsallaka hanya zuwa ta gaba, shi ya sa Turawa suka sa mata sunan da ke nufin tsutsa mai tafiyar soja. Bayan mummunar ɓarnar da ta yi a 1961, aka ɗora wa wani masani, E. S. Brown, binciken ta a Muguga kusa da Nairobi. Ya baza tarkunan fitila a Kenya, Tanzaniya da Uganda, ana aiko masa da lissafi.

Da lissafin shekaru ya taru, sai hoto ya fito. Annobar takan fara ne a Tanzaniya da ruwan farko, 'ya'yan da suka tashi daga nan su bi damina zuwa Kenya, jikoki su kai Habasha, wani lokaci har Yaman. Wasu kuma su yi kudu. Aka gano cewa inda iska biyu suka haɗu hadari ya taso, nan faɗa-wuta ke taruwa ta sauka tare da ruwan, ta yi ƙwai a sabuwar ciyawa. Ga asalin maganar manomi cewa ruwa ne ya kawo ta. Aka kuma lura cewa shekarar da ta biyo bayan fari ta fi haɗari. Daga 1969 aka fara fitar da sanarwar hasashe mako-mako ga ƙasashen yankin.

Daga ofis zuwa ƙauye

Tarkon fitila yana da wahalarsa. Yana son lantarki. Yana kama kowane irin ƙwaro, sai gwani ya zauna ya tsince wanda ake nema. A daren farin wata kuma kamu yana raguwa ko da ƙwaron na nan.

Mafita ta zo ta wata hanya. A 1959 wani masanin sinadarai Bajamushe, Adolf Butenandt, ya tace ƙamshin da macen ƙwaron siliki ke saki don kiran namiji, bayan ya yi aiki da mata kusan dubu ɗari biyar. Kowane jinsi da nasa ƙamshin, namiji na jin sa daga nesa. Da aka iya haɗa irin wannan ƙamshi a ɗakin bincike, sai aka riƙa shafa shi a ɗan guntun roba a rataya cikin bokiti mai murfi. Namiji ya zo neman mace, ya zurma ciki. Babu lantarki, babu tsince-tsince mai yawa. Yaron da ya iya ƙirga zai iya aikin.

Duk da haka wata matsala ta rage. Lissafi ya tashi daga ƙauye zuwa gunduma, daga gunduma zuwa babban ofis, sanarwa ta biyo hanyar ta dawo. Kafin ta iso, tsutsa ta gama aikinta. Saboda haka a farkon shekarun 2000 aka gwada wata dabara a Tanzaniya. Ƙauye ya zaɓi mutum biyu daga cikinsa, a koya musu aikin, a ba su tarko ɗaya da ma'aunin ruwan sama ɗaya da littafi. Kullum su ƙirga. A ƙarshen mako su duba abu uku: kamu ya haura adadin da aka ƙayyade? An yi ruwa? Akwai ɗanyar shuka ko ciyawa? Idan duka ukun sun haɗu, sai su sanar da mai gari, a faɗa a makaranta, a masallaci, a coci: kowa ya shiga gonarsa ya duba. Dabarar ta yi aiki har aka kai ta Kenya, Habasha da Malawi. Ilimin da ya fara a hannun masana sai ga shi a hannun manomi mai biro da littafin 'yan makaranta.

Baƙi biyu a shekara ɗaya

Mu nan, 2016 ce shekarar da ta buɗe mana ido, don baƙi biyu muka yi, kuma dukansu 'ya'yan faɗa-wuta ne.

Ta farko ita ce ta tumatir, wadda masu lambu a Kano ke kira sharon, masana kuma Tuta absoluta. 'Yar mitsitsiya ce, tsutsarta na shiga tsakanin fatar ganye da cikin ɗan tumatir. Daga Kudancin Amurka ta fito, ta shiga Sifen a 2006, ta bi ƙasashen bakin Bahar Rum, ta tsallako Sahara. A bazarar 2016 ta share gonakin tumatir a Kano, Jigawa, Katsina da Kaduna. A watan Mayu gwamnatin Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan tumatir, ta ce wajen kashi 80 cikin 100 na gonakin da abin ya shafa sun lalace. Sabon kamfanin tumatir na Ɗangote a Kadawa ya tsayar da aiki don babu abin niƙawa. Wanda ke Farin Gada a lokacin ya san yadda kuɗin kwando ya ninka ya sake ninkawa, matan gida suka koma busasshe da na gwangwani. Shekara goma wannan ƙwaro ya yi yana tahowa daga Sifen, ƙasa bayan ƙasa, amma ya same mu kamar ba a taɓa jin labarinsa ba.

Ta biyu ta shigo a hankali. A watan Janairu na 2016 aka ga wata tsutsa da ba a saba gani ba a gonakin masara na kudu maso yammacin Nijeriya. Masana na cibiyar IITA da ke Ibadan, cikinsu har da Georg Goergen, suka bincika suka tabbatar cewa 'yar uwar mai tafiyar soja ce, amma ta nahiyar Amurka, Spodoptera frugiperda. A shekarar aka same ta a Binin, Togo da tsibirin Sao Tome. Masana sun fi zaton a cikin kayan jirgi ta tsallako teku.

A gidansu an daɗe da sanin halinta. Ba ta jure sanyin ƙanƙara, don haka a Amurka takan yi hunturu a kudancin Florida da Texas, idan zafi ya shigo ta yi ta hawa arewa, zuri'a bayan zuri'a, har ta kai Kanada. Tana iya cin kilomita 100 a dare ɗaya idan iska ta ba ta baya. Mace ɗaya tana saka ƙwai sama da 1,000. Da wannan ƙarfi, kafin ƙarshen 2018 ta game kusan duk Afirka kudu da Sahara. A shekarar ta ɓulla a Indiya, a farkon 2019 ta shiga Sin, a 2020 ta kai Ostireliya. Cibiyar CABI ta ƙiyasta a 2017 cewa idan aka zura mata ido, ƙasashe 12 na Afirka, har da Nijeriya, za su iya rasa tan miliyan 8.3 zuwa 20.6 na masara kowace shekara.

Gane ta ba wuya. A goshinta akwai farin zane kamar harafin Y da aka kifar, a kusa da wutsiya kuma ɗigo huɗu baƙaƙe a jere kamar kusurwoyin ɗaki. Tana ƙarama takan kankare ganye ya zama kamar leda. Da ta girma sai ta shige tsakiyar shuka, inda sabon ganye ke naɗe, ta bar kashi kamar dusar katako. Manyan suna cin junansu, shi ya sa da wuya ka ga fiye da ɗaya ko biyu a shuka. Da ta shige can ciki, feshi ba ya kai mata sosai. Wanda ya ga ganye ya yayyage sannan ya nufi shagon magani, ya fafe gora ranar tafiya.

Me ke sa ta hawa da sauka

Bambancin wannan baƙuwa da ta Gabashin Afirka shi ne, waccan takan zo ta wuce, wannan kuwa ta zo zama. Babu ƙanƙarar da za ta kashe ta a ƙasarmu. Abin da ya rage shi ne sanin lokacin da take yawa da lokacin da take raguwa.

Zafi na gaggauta ta. A lokacin zafi daga ƙwai zuwa ƙwai wata ɗaya ne, a lokacin sanyi yakan kai wata biyu ko fiye. Jos tana bisa tudu mai tsawon mita 1,200 da ɗoriya, sanyinmu na rage mata sauri, amma ba ya gamawa da ita. Kuma gangaren da ke kewaye da mu, ta Saminaka, ta Toro, ta Shendam, duk sun fi mu zafi, tafiyar dare ɗaya ce a gare ta.

Ruwa mai ƙarfi na wanke ƙwai da ƙananan tsutsotsi, har ya nutsar da wasu a tsakiyar shuka. Shi ya sa ɓarna ta fi tsanani idan ruwa ya ɗauke na mako biyu ko uku bayan shuka ta fito. Masarar da aka shuka a makare ita ma tana shan wahala, don tana tsirowa ne lokacin da gonakin farko suka riga suka yaye zuri'a guda.

Tana da maƙiya: tururuwa, cinnaka, gizo-gizo, tsuntsaye, da wasu 'yan ƙananan zanzaro da ke saka ƙwansu cikin nata. Feshin da aka yi barkatai yakan kashe waɗannan kafin ya taɓa ta, bayan 'yan makonni ta dawo ta tarar babu mai tare ta.

Sai kuma abin da ya shafe mu kai tsaye. Da rani, idan gonakin damina sun bushe, ina take zama? Inda akwai ɗanyar masara. A nan Jos, wannan yana nufin lambunan bakin kogin Dilimi, da na Naraguta, da na gefen kududdufan da haƙar kuza ta bari, inda ake sa masara tsakanin kabeji da karas da latas don a sayar wa masu gashi. Da yawan waɗannan lambuna 'yan uwanmu ne ke noma su. Ke nan wani kaso na faɗa-wutar da za ta sauka a gonakin damina a watan Mayu da Yuni, a wurinmu ta yi rani. Wanda ya sa tarko a lambu a watan Maris da Afrilu, shi zai fara sanin da wane ƙarfi za ta shiga damina.

Abin da tarko ke faɗa

A 2018 Hukumar Abinci da Noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya, FAO, ta fitar da wata manhajar waya mai suna FAMEWS don tattara irin wannan lissafi daga ƙasashe. Tsarin da ta koyar mai sauƙi ne. A rataya tarko a gefen gona, ɗan sama da kan shuka, tun kafin a yi shuka. A juye shi a ƙirga kowane mako. A canza robar ƙamshin kamar wata-wata.

Amma fa a sani, maza kaɗai tarko ke kamawa, kuma wani lokaci wasu jinsin masu kama da ita kan faɗa. Cikar tarko ba ta nufin lallai gona ta lalace. Aikinsa ya ce maka tashi ka duba. Dubawar kuma tana da ƙa'ida: ka ratsa gona a karkace, ka tsaya wuri biyar, a kowane wuri ka duba shuka goma, jimla hamsin. Idan masara tana ƙarama kuma goma daga cikin hamsin ɗin suna da sabon ci, lokacin ɗaukar mataki ya yi. Idan ba su kai ba, ka riƙe kuɗinka, ka dawo mako mai zuwa. A ƙaramar gona, murtsuke ƙwai da hannu, da zuba toka ko yashi a tsakiyar shuka, da ruwan 'ya'yan dogon yaro, suna taimakawa. Idan feshi ya zama dole, da sassafe ko da yamma ake yi, a saita bakin famfo cikin tsakiyar shukar.

'Yan uwanmu na Maradi sun nuna inda irin wannan sani ke kaiwa. Tun bayan farin shekarun 1970 suke fama da wata tsutsa da ke sassaƙe zangarniyar gero. Tarkon fitila ya nuna cewa uwarta sau ɗaya take tashi a shekara, kamar wata guda bayan ruwan shuka. Da aka san lokacin, masana na cibiyar INRAN da abokan aikinsu suka riƙa kiwon wani ɗan zanzaro da ke kashe tsutsar, a sa shi cikin 'yan ƙananan buhunan algarara, a rataya a ƙauyuka daidai lokacin da gero ke fitar da kai. Ba a san ranar ratayawa ba sai da aka yi shekaru ana ƙirga.

Namu rabon

Gwamnati tana da malaman gona a ƙarƙashin PADP, akwai masana a Jami'ar Jos da Samaru, amma kowa ya san malamin gona ɗaya ƙauyuka nawa ke kansa. Tarihin da muka kawo ya nuna cewa aikin ya fi tafiya idan mutanen wuri suka riƙe shi. Ƙungiyar masu lambu da ta 'yan hatsi ba za su rasa kuɗin tarko biyar ko shida ba. Ba mu rasa samarin da suka gama sakandare suna zaune ba. A ba su littafi, a nemi malaman gona su koya musu gane ƙwaron, a riƙa sanar da lissafi ranar Juma'a da kuma ta WhatsApp na ƙungiya. Littafin shekara ɗaya ba zai ce komai ba. Na shekara biyar zai gaya mana watan da ya kamata a yi hattara.

Akwai amana biyu a ciki. Ta farko a kan 'yan kasuwa. Wanda ya ji cewa tsutsa ta yi yawa bana, sai ya ruga ya saye masara ya kulle a sito yana jiran talaka ya galabaita, ya juya ilimin ya zama makami. Haka mai shagon magani da zai sayar wa manomi wanda ya lalace ko wanda ba na wannan tsutsa ba. Labarin tarko na kowa ne, a faɗe shi a fili ranar da aka same shi.

Ta biyu ta fi nauyi. Rikice-rikicen 2001, 2008 da 2010 sun raba garin nan, har akwai unguwannin da ɗayanmu ba ya shiga na ɗaya. Abokan cinikin da iyayenmu ke kwana a gidajensu a Mangu, Bokkos da Barikin Ladi, yanzu da yawa sai dai a waya, wasu ma an bar gaisawa. Faɗa-wuta kuwa ba ta tambayar gonar wa ta sauka. Wadda ta yi rani a lambun Dilimi za ta ci masarar Berom da Mwaghavul da Afizere da Anaguta, wadda ta ƙyanƙyashe a gonakinsu kuma za ta dawo lambunmu da kaka. Idan tarkonmu ya cika, haƙƙin maƙwabtaka ne mu ɗaga waya mu gaya musu, mu kuma roƙe su su gaya mana nasu. Buhun da ya tsira a can, shi ne zai sauka a Katako.

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya tsare mana amfanin gona, ya zaunar da garinmu lafiya.